Littafin Bashi na Aboabo

Ni ne mai kemis ɗin nan na bakin gada a Aboabo,
shago ɗaya, benci ɗaya, fanka mai kukan tsufa.
Shekara goma sha bakwai ina ƙirga ƙwaya a tafin hannu,
amma abin da ya fi nauyi a shagon nan
shi ne wannan baƙin littafi na bashi.

Buɗe shafi na uku. Adiza mai koko.
Tun asuba take zama inda tirotiro ke ɗumama inji,
bututun mota a bayanta, murhun gawayi a gabanta.
Sidi arba'in, maganin shaƙa.
Ribar kwana biyu ke nan in kasuwa ta yi kyau,
ta sayi abin da Allah ya raba wa kowa kyauta,
numfashi.

Ga Issaka, yaron Suame,
mai ƙona waya ya ciro jan ƙarfe.
Ƙarfen an ɗora a sikeli, an biya,
hayaƙin kuwa ba mai awonsa,
shi ya tafi da shi gida a ƙirji.
Kwana tara bai ɗaga guduma ba,
kuma dokar maigidansa gajera ce:
wanda bai zo ba, ba shi da albashi.

Maame Serwaa, malamar aji huɗu,
ba ta ci bashina ba, labari take kawo mini.
Ta ce kujera shida ba kowa a kansu, kuma ba ƙiwuya ba ce.
"Yaron da ya kwana zaune yana farautar iska,
in na ce masa bakwai sau takwas,
ido yake zuba mini yana nishi."
Wannan asarar a wane shafi zan sa ta?
Na duba, na rasa wanda zai yi mata farashi.

Masu wucewa na cewa, "Bawa, kakarka ta yanke saƙa,
gari na tari, kai kana tara kuɗi."
Su zo su ga akwatin.
Mai tari ba ya fita nema, marar nema ba ya biya,
mai dokunu ta rasa mai saye, tela ya naɗe awo,
har matan layinmu sun tsayar da adashi.

Jiya da dare na kasa kunne ga rediyo,
ana ta maganar rance da ƙarin gadajen asibiti.
Na yi lissafina irin na ɗan kemis:
mu haƙo zinariya, mu shanya koko a rana,
mu sayo motocin da masu su suka gaji da su,
sa'annan mu koma wajen su ɗin dai
mu sayo maganin hayaƙin.
Aski biyu a kai ɗaya, ba ruwa, ba sabulu,
kuma a ce kada ka yi fushi.

Shafi na goma sha ɗaya ban so buɗe shi ba.
Tanko direba, Kejetia zuwa Asawase, shekara ashirin.
Sidi ɗari da sittin, na ja masa layi,
don ba a bin kabari bashi.
Motarsa tana nan ƙarƙashin mangwaro, taya ta sace,
'ya'ya biyar, babbar ta bar makaranta tana tallan ruwa
a tashar da ta cinye uban.
Ƙasa ta yi rashi, ba ta san ta yi rashi ba,
ni kaɗai na rubuta shi.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta,
shafa wa naka ruwa.
To wane ruwa ake shafa wa huhu?

Ɗazu da zan rufe shago wani abu ya shaƙe ni,
na dafa kanta har ya lafa.
Na ɗauko kwalba ɗaya daga saman shiryayye,
na buɗe sabon shafi, na rubuta: Bawa, sidi arba'in.
Har yanzu biro na hannuna,
ban san wa zan je in tambaya ba,
wa zai biya shi.